Gargaɗi ga masu gini a Bauchi: rodin da ake kira 12, alhali bai kai 12 ba

Jama'a, duk wanda ke shirin zuba dakin (rufin kankare) ko tsayar da fila a cikin garin Bauchi, ko a sababbin unguwanni irin su Gwallameji da Rafin Zurfi, ya yi hattara da dillalan rodi da ke tallar kaya ta WhatsApp da Facebook a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa. Ba su da shago tsayayye. Za a turo maka hoton damin rodi da hoton takardar gwajin ingancin ƙarfen, a ce kaya na kan hanya daga Kano ko Legas, ka tura rabin kuɗi. Cinikin biri a sama kenan. Motar kuma ba ta isowa sai bayan magariba, lokacin da injiniya da mai ɗaurin rodi sun tashi, a jibge kaya a karɓi ciko.

Abin da suke rage maka ido ba ya kama shi. Rodi mai kaurin milimita 12 na gaskiya, kowace mita ɗaya tana da nauyin kilo 0.888. Sanda guda mai tsawon mita 12 tana kai kilo 10.66, shi ya sa ake ƙirga sanda 94 a tan ɗaya. Su kuwa sai su kawo mai milimita 11, su ƙirga maka 94 cif, ka ga lissafi ya cika. Ɗora su a sikeli, kilo 842 za ka samu. In kuma an datse rabin mita a kowace sanda, wanda ba za ka lura ba tunda a naɗe biyu ake kawo su, nauyin ya dawo kilo 807. Ka biya kuɗin tan, an ba ka kashi huɗu cikin biyar da ɗan ɗoriya. Ragin da aka yi maka a farashi bai kai abin da aka cire ba.

Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Kankare yana da juriyar danni, amma ba ya jure ja, don haka rodin da ke ƙasan bim (gungumen kankaren da ke kwance a kan fila) da dakin shi ke ɗaukar jan gaba ɗaya. Ƙarfin da sanda za ta iya ɗauka ya dogara da faɗin fuskar yankanta, kuma wannan fuska tana raguwa da sauri fiye da kaurin. Ta milimita 12 tana da murabba'in milimita 113, ta 11 tana da 95. Milimita ɗaya tak ta tafi da kashi 16 cikin ɗari na ƙarfin. In an ba ka 14 a madadin 16, daga 201 an sauko 154, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Injiniyan da ya zana maka gini ya yi lissafinsa da ƙarfe mai daraja 460, ma'ana kowane murabba'in milimita zai ɗauki niyutan (ma'aunin ƙarfin ja) 460 kafin ya fara saki ya miƙe miƙewar da ba ta komawa. A haka rodi 12 yana riƙe wajen tan 5.3. Siririn nan, ko da ƙarfensa mai kyau ne, bai wuce tan 4.5 ba.

Sau da yawa kuma ƙarfen ba mai kyau ba ne. Narka tsofaffin ƙarafa a yi rodi ba laifi ba ne in masana'anta tana tace narkakken ƙarfen tana auna abin da ke ciki. Matsalar ita ce wadda ke zuba duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Sinadarin kabon ya yi yawa (ƙa'ida ba ta yarda ya wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba), ga fosfaras da farar wuta da tagulla. Sai a samu ƙarfe mai tauri amma mai gautsi. Wannan ya fi tayar mana da hankali. Rodi mai danƙo yana miƙewa kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari kafin ya tsinke, kuma wannan miƙewar ce ke sa dakin ya lotsa, ya tsattsage, mutane su gani su fice. Mai gautsi ba ya ba da wannan sanarwa. Ɓallewa yake yi kamar rake, da mutane a ƙarƙashi.

Kada ka dogara da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki da ke matse abu, wajen auna kauri, domin zanen da ke jikin rodi yana ruɗin awo, kuma wasu masana'antun kan tayar da zanen sama don sandar ta yi kamar ta cika. Sikeli ne ba a yi masa wayo. A kwance damin, a zaro sanda uku daga tsakiya, ba na waje da aka jera don ado ba. A miƙe ɗaya a sa tef a ga ko ta kai mita 12. A yanki mita ɗaya daidai daga kowace a ɗora a ƙaramin sikeli mai lamba. Ga rodi 12, rangwamen da ƙa'ida ta bayar kashi 4.5 ne cikin ɗari, wato duk abin da ya gaza kilo 0.848 a mayar. Rodi 10 nauyin mita ɗaya kilo 0.617 ne, 16 kuma 1.58, sai 20 mai 2.47. Ga kowane kauri, ninka shi da kansa ka raba da 162, za ka samu nauyin mita ɗaya a kilo.

Sai gwajin lanƙwasa. Mai ɗaurin rodi ya lanƙwasa guntu a sanyi, a kan turken da kaurinsa ya ninka na rodin sau huɗu, wato wajen milimita 48 ga rodi 12, har ya zama kamar ƙugiya. A duba bayan gwiwar da kyau. In ta tsage, ko ta yi ƙara ta karye, magana ta ƙare. Wani zai ce, "Alhaji, a ɗan sa masa wuta zai lanƙwasu." Kada a yarda. Rodin zamani da ake kira TMT ƙarfinsa yana cikin fatar waje da aka taurara da ruwa a masana'anta, wuta kuwa tana kashe wannan taurin, daidai a gwiwar da ta fi buƙatarsa.

Takardar gwajin da suke nunawa yawanci kwafi ce da ta sha yawo. Ta gaskiya tana ɗauke da lambar narki, wato lambar da masana'anta ke ba kowane zubin ƙarfe da ta narka, kuma dole ta yi daidai da lambar da ke kan tambarin da aka maƙala a damin. A jikin sandar ma ya kamata a ga alamar masana'anta. Ma'aunin rodi na ƙasar nan shi ne NIS 117, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ce ke kula da shi, kuma can ake kai ƙarar irin wannan kaya tare da guntun rodin da rasit. In ginin bene ne, a kai guntaye uku na kowane kauri a ja su a injin gwaji har su tsinke. Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi ne wuraren da za a fara tambaya. A nemi sakamakon ya nuna inda ƙarfen ya fara saki, inda ya tsinke, da yawan miƙewarsa.

Wanda kayan suka riga suka shiga hannunsa kada ya bar magini ya ce zai ƙara sanda ɗaya-ɗaya ya cike giɓin. In kauri ne kawai ya gaza, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, zai iya sake lissafi da ainihin nauyin da aka auna, ya canza yawan sanduna da tazararsu. In kuwa ya karye a gwajin lanƙwasa, ko sau biyu aka ninka yawansa gautsin yana nan, kuma bai dace da fila, bim, dakin, linta ko ringi ba.