Tiren roba mai zurfi na bayan mota: yadda na same shi wajen ɗaukar naman farauta

Wahalar farauta ba a daji take ƙarewa ba. Idan Allah ya ba ka sa'a ka samu dabba, sauran aikin shi ne kai ta gida, kuma yawancinmu da motar da iyali ke shiga muke wannan jigilar. Jini, gashi, ruwan ciki da kaska duk suna biyo dabbar, ga ƙarnin da idan ya kama mota sai ya yi watanni yana tashi duk ranar da aka yi zafi. Wannan ne ya sa na sayi tiren roba mai zurfi da ake shimfiɗawa a but, na kuma yi aiki da shi tsawon lokacin farautar da ya wuce. Ra'ayina a kansa shi ne ya ci kuɗinsa wajen kare mota, amma idan aka yi amfani da shi yadda ya zo daga kamfani, yana iya jawo asarar naman da aka sha wahala a kansa.

Wanda nake da shi roba ce mai tauri, irin wadda ake yin tankin ruwa da ita, zubi ɗaya, babu ɗinki babu haɗi. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa 80, zurfinsa 20. Yana da mariƙi a kowane gefe, da ramukan zura igiya a bakinsa, da 'yar toshiya a kusurwa ɗaya ta tsiyaye ruwa. In babu komai a ciki mutum ɗaya yana ɗaga shi ba tare da wahala ba.

Mafarauta da yawa tamfol suke shimfiɗawa, kuma na fahimci dalili: yana da araha, yana naɗuwa, ba ya cin wuri. Matsalarsa ita ce rufewa kawai yake yi, ba ya tara abin da ya zuba. Saƙa ce aka shafe da leda, da zarar kofato ko ƙaho ko tsinin ƙashin da harsashi ya fasa ya karce ledar, ruwa ya samu hanya ke nan. Ko bai huje ba, duk inda ya lanƙwashe ya zama magudana, jini ya bi har ƙarshe ya sauka a kan kafet. Kuma jinin ba kaɗan ba ne. Kusan kashi 7 cikin 100 na nauyin dabba mai shayarwa jini ne, wato dabba mai kilo 40 tana ɗauke da abin da ya kusa lita 3. Mafi yawansa yana fita tun a daji lokacin da aka zubar da shi aka cire kayan ciki, amma wanda ya kwanta a ƙirji da wanda ke cikin tsoka ba ya daina ɗiga, musamman idan mota tana jijjiga shi a hanya mai gargada.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci shi ne abin da ke ƙarƙashin kafet. Akwai soso ko wani abu mai kama da bargo da aka sa don rage ƙara, yana shan ruwa ya riƙe. Ƙarƙashinsa kuma ramin sifiya ne, da wayoyin fitilun baya, da ƙarfen jikin mota. Jini yana da gishiri, idan ya kwanta a kan ƙarfe tare da danshi tsatsa yake jawowa. Sai ka wanke saman kafet tas ka ɗauka an gama, alhali abin da ke wari yana can ƙasa inda burushi bai kai ba.

Akwai kuma tabarmar roba mara zurfi da ake yanka daidai da but ɗin kowace mota, mai baki kamar yatsa biyu. Tana da kyau ga taɓo da jiƙaƙƙen kare, amma ba ta isa wannan aiki ba. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya a cikin mota mai tafiya. Ka taka birki ya taho gaba gaba ɗaya, ka sha kwana ya koma gefe, ɗan gajeren baki ba ya tare shi.

A nan ne zurfin tiren ya nuna amfaninsa. Akwai ranar da na ɗauko barewa ta wata hanya mai ramuka, da na iso na buɗe but ɗin na tsaya na duba da kyau kafin in taɓa komai. Jinin ya taru a kusurwar gaba ta hagu, ya yi duhu, ya fara daskarewa, gashi na yawo a samansa. A jikin bangon tiren akwai jan layi da ya nuna iyakar inda ya fantsama lokacin da na taka birki, kuma tsakanin layin da bakin tiren akwai tazarar da ta kai tafin hannu. Na ɗauki farin ƙyalle na goga a kafet ta kowane gefe, ya fito fari. Mu biyu muka kama mariƙan muka sauke tiren da dabbar a ciki, ba tare da an ja ta a kan bamba ba. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa.

Yanzu ga inda nake da magana. Robar da ta hana jini fita ita ce kuma take hana iska shiga. Gefen dabbar da ke kwance a ƙasa yana zaune cikin ruwan jininsa, ga ɗumin jikinta bai samu hanyar fita ba, ga kuma zafin salansa yana hawowa ta ƙasan but a motoci da yawa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, kuma dabbar da aka harbe yanzu tana tsakiyar wannan zangon. Shi ya sa dokar tsaftar nama ta Tarayyar Turai ta 2004 ta ce a sanyaya manyan namun daji zuwa digiri 7 ko ƙasa da haka, ƙanana irin su zomo da tsuntsaye kuma zuwa digiri 4. Wurin da ya fi jinkirin hucewa shi ne naman da ke kewaye da ƙashin cinya da kafaɗa, daga can lalacewa take farawa, ta ciki, inda ido ba ya gani sai an zo yanka a ji tsami. Tire mai santsin ƙasa yana ƙara wannan haɗari, kuma takardar da ta zo da shi ba ta ce uffan a kai ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin duk wanda ya ƙera abu don mafarauta ya kamata ya san cewa naman ne dalilin tafiyar.

Gyaran ba shi da wuya. Na samu ragar roba mai kauri, irin wadda ake takawa a wuri mai ruwa, na yanka ta daidai da cikin tiren, ta ɗaga dabbar sama da ƙasa kamar yatsa uku. Jini yana ɗiga ta ramukan ya taru a ƙasa, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. Wanda bai samu raga ba, 'yan sandunan katako a jere ma sun wadatar, sai dai katako yana shan jini, don haka ba a maimaita shi. Ina kwantar da dabbar a buɗe, in tokare ƙirjin da ɗan itace mai tsabta, in cusa robobin ruwa da suka daskare a cikin ramin cikin. Na fi son su da ƙanƙarar zube, saboda ƙanƙara in ta narke tana jiƙa nama tana kuma cika tiren da ruwa. Daga sama kuma yadin auduga mara kauri nake rufawa don ƙuda da ƙura. Baƙar leda kuwa kada a kusantar da ita ga nama mai ɗumi, komai son da ake yi wa kafet. Da kamfanin ya haɗa raga a cikin kayan, da ban sami abin cewa a nan ba.

Aibi na biyu santsi ne. Ƙasan tiren sumul yake, yana zamewa a kan kafet, ya fi zamewa a kan ƙarfen bayan a-kori-kura. Kaya mai kilo 40 ko 50 da ba a ɗaure ba haɗari ne ga mutanen da ke zaune a gaba idan aka taka birki da ƙarfi, ba maganar tsafta kawai ba ce. Ramukan igiyar da ke bakinsa ban amince da su ba, robar wurin ba ta da kauri, tana lanƙwasa in an ja. Nakan shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashinsa, sannan in ratsa bel ɗin ɗaure kaya ta samansa in maƙala a ƙugiyoyin jikin mota.

Toshiyar tsiyaye ruwan ba ta burge ni ba. Gudajin jini da gashi suna toshe ramin, kuma zoben robar da ke riƙe ta shi ne wuri ɗaya tilo da tiren zai iya yoyo. Duk wanda ya saya, ya cika shi da ruwa a tsakar gida ya bar shi ya ɗan jima, ya duba ƙarƙashin toshiyar kafin ya amince masa. Da zan sake zaɓa, wanda ba shi da rami ko ɗaya zan ɗauka.

Kaska ma sai an yi hattara. Da jikin dabba ya fara sanyi suke sakinta su bazu neman wani jiki mai ɗumi, kuma bangon tiren yana rage musu sauri ne kawai, ba ya tsare su. Na sha ganinsu a bakinsa suna tafiya. Ba abin rainawa ba ne: kaska ce ke yaɗa zazzaɓin nan mai sa zubar jini da ake kira Kirimiya-Kwango, wanda kuma ake iya ɗauka ta taɓa jinin dabbar da ke da shi, zomon daji kuma yana iya ɗauke da wata cuta da ake kira tularemiya, wadda ita ma take kama mutum. Don haka safar hannu ta roba dole ce wajen lodi da saukewa da wanki, sannan a bi but ɗin da injin zuƙar ƙura a ranar, a kula da lungunan kujeru. Ga tsuntsaye kuwa tiren bai da wani tasiri sosai, gashinsu tashi yake da an buɗe taga, sai an sa su a buhun yadi an ɗaure bakin.

Wankinsa yana da sauƙi matuƙar an yi shi a ranar, kuma da ruwan sanyi ake farawa. Ruwan zafi yana dafa sinadarin furotin da ke cikin jini ya manne, kamar yadda ƙwai ke kamawa a kasko. In an ɗauraye jinin da ruwan sanyi, sai sabulu da burushi, sannan bilic da aka sirka, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, a bar shi kamar minti 10 a ɗauraye, a kifa shi ya bushe. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan binega ko wani abin wanki mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne. Ruwan wankin kuma a zubar da shi nesa da rijiya da inda karnuka za su lasa. Abu ɗaya da na lura: robar tana karcewa, kuma cikin karcen ne ƙarni ke maƙalewa. Bai kamata a yi fiɗa ko yanka a cikinsa ba, na ɗaukar dabba ne kawai.

Akwai wuraren da babu tiren da zai kare. Bamba da robar da ke zagaye ƙofar but suna shafar jini wajen lodi, shi ya sa nake rataya tsohon tawul a kansu kafin in ɗaga komai. Sai mariƙin ƙofa, sitiyari, giya da mukulli, duk abin da hannu ya taɓa, ga takalmi da gwiwar wando a kan kujerar direba. Jarkar ruwa da sabulu da kayan canji a cikin jaka sun fi kowane turaren mota amfani a nan. In kuma an samu ɗigo a kafet, dannawa ake yi da ƙyalle ya tsotse, gogewa tana tura shi ciki. Ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, haidirojin farokzayid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, yana ɗaga tabon jini, amma yana iya kashe launi, don haka a fara gwada shi a lungun da ba a gani. Ga wari kuwa, maganin wanki mai enzayim ne na ga ya yi aiki, saboda yana narkar da abin da ke warin ne, turare kuwa lulluɓe shi kawai yake yi. Idan ɗigon ya yi yawa, a ɗaga kafet ɗin a duba soson da ke ƙasa, a bar but ɗin a buɗe ya bushe sarai, a kuma ajiye kwanon gawayi a ciki ya kwana.

Ga mai ɗaukar manyan dabbobi a cikin rufaffiyar mota, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya sayi raga da bel tare da shi a rana ɗaya. Mai a-kori-kura zai iya wanke bayan motarsa da tiyo, duk da haka tiren zai raba naman da ƙura da malalar man inji da ke kwance a wurin. Wanda farautarsa ba ta wuce zomo da zabi ba, babbar kula mai murfi ta fi masa. Kafin saye a auna faɗin but ɗin a tsakanin tudun tayoyin baya, domin nan ne wuri mafi ƙunci, a kuma auna tsayin bakin ƙofa, a tabbatar tiren zai shiga ya fito a kwance da kaya a cikinsa ba sai an karkata shi ba.