Teburin mai shayin da ke daura da gininmu a Zinder

Mu tara cocinmu ya turo daga Kafanchan zuwa Damagaram, mu taya 'yan'uwa ginin azuzuwa biyu a unguwar Sabon Gari. Kwana 12 muka yi, kuma kusan kullum a teburin wani dattijo mai shayi muke karya kumallo, daura da inda muke buga bulo.

Shayinsa da kauri, citta da kanumfari sun ji, ba ya ƙyashin madara. Burodin dogon nan ne mai ɓawo irin na Faransa, in ka wuce ƙarfe takwas sai ka tsoma shi a shayi kafin haƙori ya shiga. Ƙorafina ke nan, sai ƙudan da ke bin gwangwanin madara. Ranar farko lissafi ya rikita ni: ya ce "dala arba'in", na miƙa masa jaka guda, wato sefa dubu, ina jiran ya ce in ƙaro, ashe sefa 200 ce kacal.

Shi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, in an kira salla ku kashe injin kwaɓa siminti. Famfon unguwa kuma ku bar wa mata, tun asuba suke layi." Da ma Zinder ta yi suna wajen wahalar ruwa. Ya haɗa mu da 'yan ga-ruwa biyu, ya raka mu gaida mai unguwa. Ranar da yashinmu ya tare ƙofar wata Hajiya ta fito da faɗa, a bencinsa aka sasanta. Na ce, "Baba, nawa ne kuɗin kofi ukun da muka sha?" Ya kaɗa hannu, ya ci gaba da fifita gawayi.