Inda muka kai ƙanwata bayan ta fito daga kaso

Masu tambayata ina muka kai ƙanwata, sunan wurin dai ba zan faɗa ba amma nan Yamai yake, cibiyar kula da masu shan ƙwaya ce.

Sau biyu tana shiga kaso saboda tramol. Wankau take yi da tuyar ƙosai, ta fara sha don ta jure aiki tun asuba har dare, kuma ba irin na farmasi mai miligiram 50 ba, mai 225 ɗin nan da ake shigowa da shi a ɓoye, daga sha ta koma saidawa don ta samu na sayen nata. Fitowar farko mun ɗauka zaman kaso ya raba ta da shi, ashe ƙarya muke wa kanmu, ko wata huɗu ba ta cika ba aka sake kama ta. Karo na biyu daga bakin ƙofar kaso na tare taksi sai cibiyar, ko gida ba mu biya ba.

Lokotoron ya san aikinsa wallahi. Bai yanke mata lokaci guda ba, ya ce wanda jikinsa ya saba in ya tsaya kwatsam sai ciwon gaɓoɓi, zufa, zawo, barci ya ƙaurace, wannan azabar ce ke maida mutum ruwa, don haka a hankali aka riƙa ragewa. Akwai wata madam mai sauraron mutane, ranar farko ƙanwata ta ƙi cewa uffan sai murɗa bakin hijabi take, madam ta miƙa mata ruwan leda ta ce "sha ƙanwata, nan ba jandarmeri ba ce", sai kuka.

Amma fa benci ɗaya maza da mata ke zama, mace da goyo tsakiyar samari, ga mai rajista na ƙwala kiran suna kowa na ji, mata biyu da muka fara tare don haka suka daina zuwa kuma ba wanda ya buga musu waya, ɗayar na ji ta koma kaso. Maganar sana'a ko jari kuwa babu ita sam, alhali mijin ƙanwata ya sake ta tana kaso, mai saida ƙwayar kuma yana nan bakin layinmu.

Wata bakwai ke nan ba ta taɓa ba, ta koma kan kaskonta. Duk Laraba take da randebu, ni ke biyan taksi, ni ke raka ta.