Ƙidayar namun dajin Dindir: zaman bakin ruwa ko bin layi?

Malam, tambayar da ka aiko daga Maiwurno ita ce: idan ana son sanin ko namun dajin Dindir suna ƙaruwa ko raguwa, wanne ya fi, a zauna bakin ruwa a ƙirga masu zuwa sha, ko a ratsa daji a ƙafa ana ƙirga abin da aka gani?

Duka biyun aikin rani ne. Gandun dajin Dindir, wanda aka kafa a 1935 a ƙasar Sudan, a iyakarta da Habasha, ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma daga Yuni zuwa Oktoba baƙar laka da doguwar ciyawa ba sa barin mota ta shiga. Da rani kogin Dindir yana tsayawa, ruwa ya rage a kududdufai cikin yashi da fadamun da ake kira maya, irin su Ras Amir da na kewayen sansanin Galegu.

Zaman bakin ruwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Ana ajiye mutum biyu a kowace fadama, a maɓoya ta ɓangaren da iska ba za ta kai warinsu ga dabbobi ba, da madubin hangen nesa da agogo da takarda. Kowace fadama a fara a lokaci ɗaya, a yi awa 24 a jere, shi ya sa ake zaɓen daren sha huɗu ga wata. A rubuta lokaci, irin dabba, adadi, maza da mata da 'ya'ya, da inda garke ya fito da inda ya nufa. Wannan na ƙarshe shi ke hana a ƙirga garken ɓauna ɗaya sau biyu idan ya sha a nan da asuba ya sha a can da la'asar. Hanyar tana kama gwambaza da kwanta-rafi da ɓauna da gadu sosai, domin ba sa nisa da ruwa. Batsiya kuwa tana iya kwanaki ba ta zo ba, sai ta fito kaɗan a takarda alhali tana nan.

Babban tarkonta shi ne shekarar fari. Idan ƙananan fadamu sun kafe, dabbobi sai su taru a 'yan waɗanda suka rage, adadi ya hau a takarda a daidai shekarar da aka yi asara. Kamar rijiyoyin gari ne su kafe sai ɗaya: layin tulu ya yi tsawo, amma mutanen gari ba su ƙaru ba. Haka kuma idan shanun makiyaya suka kwana a fadama, namun daji su ƙaurace mata, a ɗauka sun ƙare. Don haka duk takardar da ba ta nuna fadamu nawa ke da ruwa a ranar, da ko akwai sawun shanu, ba ta kwatantuwa da ta bara.

Bin layi ya fi wahala, amma shi ke ba da yawan dabba a kowane murabba'in kilomita. Ana zana layuka miƙaƙƙu a taswira tun kafin a fita, kowane kilomita 2 zuwa 4, a warwatse su har wuraren da ke nesa da ruwa. Mutum uku sun isa: mai kamfas da GPS, mai dubawa, mai rubutu. A fara da hudowar rana, a yi tafiya a hankali. In an ga dabba a ɗauki nisanta da na'urar auna nisa, da kusurwarta daga layi, a inda aka fara ganinta kafin ta zabura. Daga nan ake fitar da nisanta daga layin: mita 100 a kusurwar digiri 30 mita 50 ke nan. Manhajar Distance, wadda kyauta ce, ita ke lissafa nawa aka rasa gani. A misali, in jimillar layuka kilomita 50 ce, kuma faɗin da ido ya kama mita 100 ne kowane gefe, an duba murabba'in kilomita 10. Dabba 40 a ciki na nufin 4 a kowane ɗaya.

Abin da ke ɓata shi sananne ne. Ana buƙatar gani daban-daban 60 zuwa 80 na kowace irin dabba kafin lissafi ya tsaya, to gwanki da zaki da wuya su kai. Kwanta-rafi yakan lafe cikin ciyawa har a kusa taka shi, a wuce shi a kan layi ba a sani ba, lissafi ya yi ƙasa. Masu ƙiyasta nisa da ido sukan cika takarda da 50 da 100. Mafi muni, mutane sukan bi hanyar mota su kira ta layi, alhali hanyoyin gandu fadamu suke bi. In aka ninka abin da aka gani a can da faɗin gandun gaba ɗaya, sai a fito da adadin da babu shi.

A ganinmu, mai ƙarancin kuɗi da ma'aikata ya riƙe zaman bakin ruwa kowace shekara, a wata ɗaya, a fadamu iri ɗaya, ya kuma kira sakamakon da sunansa: alamar hawa ko sauka. Bin layi a yi shi duk shekara uku zuwa biyar don a gane inda alamar ta karkace. Zaki da kura sai da kyamarar da ake ɗana wa dabbobi, mai ɗaukar hoto idan ta ji ɗumin jikinsu, amma a Afrilu zafin gari yana kusan daidai da na jikin dabba, na'urar ta kasa jin wucewarta da rana, ga kuma gobarar daji. Kowace aka zaɓa, ba a shiga sai da izinin 'yan sandan namun daji da rakiyarsu, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.