Shekara guda da GnuCash: na daina yi wa kaina lissafin dokin rano

Ranar Litinin 10 ga Yuni 2024 da daddare na buɗe manhajar da nake ajiye lissafin kuɗina a waya, sai na ga ja ya cika fuskar wayar. Wai ɗan hannun jarin da nake da shi a kamfanin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a yini guda. Gabana ya yanke ya faɗi, daga kwance na tashi zaune. Sai da na shiga shafin dillalina na tarar ashe ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Kamfanin ne ya raba kowane hannun jari gida goma, mai uku ya koma mai talatin, farashin kowane ɗaya kuma ya sauko daidai da haka. Ita manhajar ta ɗauko sabon farashi ta ninka shi da tsohon adadi. Ba zan kama sunanta ba, don ta yi mini aiki wajen bin abin da nake kashewa yau da gobe, kuma da ma ba don hannun jari aka gina ta ba. Amma tunda ta iya nuna mini asarar da ban yi ba, sai na fara zargin ribar da ta daɗe tana nuna mini.

A ƙarshen makon na baje takardun dillali na bi su layi-layi. Abin da na gano ya ba ni kunya. Koren layin da nake kallo yana hawa, ina jin daɗi, yawancinsa kuɗin da nake zubawa ne duk wata. A ce ka fara shekara da 1,000, kana ƙara 100 kowane wata, shekara ta ƙare kana da 2,300. Zanen zai nuna maka dukiya ta ninka har da ɗoriya, alhali 2,200 daga aljihunka suka fito, ribar gaskiya 100 ce kacal. Kallon kitse na daɗe ina yi wa rogo.

Daga nan na koma GnuCash, wata manhajar ajiye lissafin kuɗi ta kwamfuta. Kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke kula da ita tun ƙarshen shekarun 1990, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma bayananka suna zaune ne a kwamfutarka. Kallon farko ba za ta burge ka ba. Layuka ne da ginshiƙai kamar tsohon littafin akawu, babu wani zane mai ƙyalli da zai tarbe ka. Ginshiƙinta shi ne tsarin shigarwa biyu, wanda malamin lissafin nan ɗan Italiya Luca Pacioli ya rubuta bayaninsa tun 1494: duk kuɗin da ya shiga wani asusu dole ka faɗi asusun da ya fito. Wannan ƙa'ida kaɗai ta kashe matsalata ta farko. Idan na tura kuɗi daga banki zuwa wurin dillali, kuɗina ne ya sauya ɗaki, babu yadda za a yi ya bayyana a matsayin riba. Riba tana da nata asusun a ɓangaren kuɗin shiga, kuma ba ta shiga can sai na sayar ko kamfani ya biya ni.

Makonni biyun farko na sha wuya, gaskiya. Kowane kamfani sai ka yi masa rajista a matsayin haja, ka buɗe masa asusu a ƙarƙashin asusun dillali, sannan ka shigar da kowane saye da ranarsa da adadinsa da farashinsa da la'adar da aka cire. Ina da saye na shekara huɗu a baya. Manhajar tana karɓar fayil na CSV da OFX da QIF, na jawo shige da ficen kuɗi ta nan, amma sayen hannun jarin da hannu na shigar, ɗaya bayan ɗaya, don ban yarda da kaina wajen daidaita ginshiƙai ba.

A nan ne kuma na yi kuskuren da ya koya mini abin da ban sani ba. Na shigar da wata sayarwa da na yi tun 2022: hannun jari sun fita, kuɗi sun shigo, na ɗauka shi ke nan. Da na buɗe rahoton da ke gwada ɓangarorin littafi biyu, sai suka ƙi yin daidai. Na kwana biyu ina neman inda 340 suka maƙale. Ashe bambancin da ke tsakanin abin da na saya da abin da na sayar ne, ban gaya wa littafin inda zai ajiye shi ba. Duk sayarwa tana buƙatar ƙarin layi da zai kai ribar, ko asarar, zuwa asusunta. Daga siga ta 5 da ta fito a 2023 akwai mataimakin da ke bi da kai mataki-mataki wajen saye da sayarwa da raba hannun jari, ni ne dai ban lura da shi ba sai daga baya. Amma ban yi da-na-sanin kwana biyun nan ba. Da tsohuwar manhajata ce, da ta haɗiye kuskuren ta yi shiru, wannan kuwa ta tsaya kai da fata sai na gyara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gano cewa tambayar "nawa na ci riba?" tana iya samun amsa uku, kuma duk ukun daidai ne. Ka sayi hannun jari 100 a kan 10 kowanne. Bayan wata shida ka ƙara 100 a kan 16. Yau ka sayar da 100 a kan 18. To, waɗanne ka sayar? Idan aka ce na farkon saye su ne na farkon fita, tsarin da ake kira FIFO, ribarka 800 ce. Idan na ƙarshen saye ne suka fara fita, wato LIFO, ribarka 200. Idan aka haɗa su aka raba, uwar kuɗin kowanne ta zama 13, riba 500. Kuɗin da ya shigo hannunka 1,800 ne a duka ukun, bai canja ba. Abin da ke canjawa shi ne yadda aka raba ribar tsakanin wadda ta shiga hannu da wadda take kan takarda tukuna. Jimillarsu 1,000 ce ta kowace hanya ka bi. Rahoton Advanced Portfolio na GnuCash yana ba ka damar zaɓar ɗaya cikin ukun, kuma na yi ta juya su ina kallon lambobi suna sauyawa kamar yaro ya samu sabon abin wasa. Sai dai wannan ba wasa ba ne ga wanda ke ƙasar da ake biyan haraji a kan ribar sayarwa, domin hukumomin haraji ba hanya ɗaya suka yarda da ita ba. Ni dai na duba hanyar da dillalina ke bi a takardunsa na bi ta, don lambobinmu su riƙa haɗuwa.

Wannan rahoto shi ne zuciyar manhajar a wurina. A layi guda yana nuna uwar kuɗi, darajar yau, abin da na zuba, abin da na cire, ribar da ta tabbata, ribar kan takarda, rabon ribar da kamfani ya biya, da la'adar dillali. La'adar ma kai za ka zaɓa: a haɗa ta cikin uwar kuɗi, a cire ta daga riba, ko a bar ta gefe. Ranar da na fara ganin jimillar la'adar shekara huɗu a wuri guda na daina ɗabi'ar sayen ɗan kaɗan-kaɗan duk mako. Da can kowace ɗaya ƙarama ce, ba ta cizo.

Sai rabon riba da ake mayarwa cikin jari. Akwai wani asusun haɗaka (inda mutane da yawa ke haɗa kuɗi a juya musu) da nake ciki wanda ba ya turo mini rabona, sai ya ƙara saya mini kaso da shi. A tsohuwar manhajar adadin kasona kawai nake ƙarawa, kamar daga sama suka faɗo. Illar haka ita ce uwar kuɗin ta tsaya a inda take, ranar sayarwa kuma riba ta kumbura fiye da gaskiya. A GnuCash abu biyu nake rubutawa: kuɗi ya shigo a matsayin rabon riba, sannan kuɗin nan ya sayi kaso kaza a farashi kaza. Idan an cire haraji tun daga tushe, shi ma layinsa daban. Aiki ne, amma wanda bai yi shi ba yana iya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu, in ma bai yi sa'a ba ya biya masa haraji sau biyu.

Raba hannun jari irin na Nvidia kuwa, minti biyu ne: ka faɗi ranar da adadin da ya ƙaru, uwar kuɗi ta tsaya yadda take.

Yanzu ga inda ba ta kai ni ba. Kason ribar da rahoton ke bayarwa bai san lokaci ba. Idan 1,000 ta zama 1,200 zai ce maka kashi 20 cikin ɗari, ko a shekara ɗaya aka samu ko a huɗu. A shekara huɗu kuwa abin bai wuce kashi 4.7 a kowace shekara ba, ka ga labari ya sha bamban. Don haka duk wata uku nakan kwashe ranaku da kuɗaɗen da na zuba da waɗanda na cire in kai su LibreOffice Calc, wata manhajar lissafi mai layuka da ginshiƙai, in sa darajar yau a layin ƙarshe, in kira umarnin lissafi mai suna XIRR. Akwai shi a Excel da Google Sheets ma. Abin da ka zuba ka sa masa alamar ragi, abin da ya dawo maka ka bar shi haka, shi kuma ya fitar maka da kason shekara-shekara yana la'akari da ranar da kowane kuɗi ya shiga.

Ko shi ɗin ma ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma wannan ya daɗe yana ɗaure mini kai. Asusun haɗaka zai buga cewa ya samu kashi 20 a shekara biyu, kai da ke cikinsa ka duba ka ga asara, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ka zuba 1,000, shekarar farko ta tashi da kashi 50, ta zama 1,500. Daɗi ya ɗebe ka ka ƙara 5,000, jimilla 6,500. Shekara ta biyu ta faɗi da kashi 20, saura 5,200. Ka zuba 6,000, ka yi asarar 800. Shi kuwa asusun, 1.5 sau 0.8 ya ba da 1.2, ribar kashi 20 ke nan ga wanda ya shiga tun farko bai ƙara komai ba. Lissafin farko yana auna kai da lokacin da ka zaɓa ka zuba kuɗi, na biyu yana auna masu juya asusun. Wanda wannan bambanci ya dama, akwai wata manhajar kyauta mai suna Portfolio Performance da ke fitar da duka biyun. Na gwada ta na ɗan lokaci, ta fi GnuCash kyan zane da zurfi a wannan fanni, sai dai ni ina son albashina da bashina da jarina su zauna a littafi ɗaya, shi ya sa ban ƙaura ba.

Ga mai sayen hannun jari da kuɗin wata ƙasa, akwai wani tarkon. Haja tana iya tsayawa cik a dala, amma idan kuɗin ƙasarka ya faɗi sai ka ga riba ta bayyana, wadda ba kamfanin ne ya kawo ta ba. A cikin saitin littafin akwai zaɓin kunna asusun musaya na musamman da ke ware tasirin canji. Shawarata a kunna shi tun ranar farko, kafin shigarwa ta yi yawa. Hauhawar farashi kuma manhajar ba ta cire maka shi, kai za ka ɗebe shi da kanka daga abin da XIRR ya ba ka.

Batun ɗauko farashi daga intanet, tana dogara ne da wani ƙarin kayan aiki mai suna Finance::Quote, wanda sai an girka shi daban, wasu majiyoyin farashin kuma sai ka yi rajista sun ba ka mabuɗi. Na girka, ya yi aiki, daga baya na ga ba na buƙatarsa. Hajojina ba su kai goma ba. Ranar ƙarshen wata nake shigar da farashinsu da hannu, kuma hakan ya raba ni da leƙen waya sau biyar a rana. Ita da ma manhajar kwamfuta ce, ba ta aljihu ba, wanda ke son ganin jarinsa yana cikin mota ba tasa ba ce.

Wa zan ce ya gwada ta? Wanda yake saye a lokuta daban-daban, yana karɓar rabon riba, ya taɓa sayarwa ko yana shirin yi, kuma zai iya ba ta sa'a guda a wata. Wanda ya sayi abu ɗaya sau ɗaya ya ajiye, takardar dillalinsa ta ishe shi, kada ya wahalar da kansa.

Ni yanzu ka'idata ɗaya ce a ƙarshen wata: adadin hannun jarin da ke littafina da ragowar kuɗin da ke asusun dillali su yi daidai da takardarsa har zuwa lamba ta ƙarshe. A watan jiya an samu bambancin 1.20. Na bi sawu na kusan rabin sa'a, ashe wani ɗan kuɗin canji ne dillali ya cire a kan rabon riba, ya sa shi can ƙasan shafi na uku da ƙananan baƙaƙe. Na buɗe masa asusunsa a ƙarƙashin la'ada, na koma baya na duba, na tarar sau bakwai aka cire shi a bara ina shigar da shi a matsayin haraji.