Tantin da ya fi ɗakin otal tsada a tekun Ostireliya

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka ce ka kasa gane yadda mai hankali zai biya kuɗin da ya fi na babban otal don kawai ya kwana a tanti. Tambayarka tana kan hanya, kuma tun da na san ba kai kaɗai kake son ji ba, bari in baje komai a faifai.

Wurin da muka je ni da mai ɗakina yana kudancin Great Barrier Reef, wato jerin duwatsun murjanin nan da ya miƙe kimanin kilomita 2,300 a gefen jihar Queensland, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Daga Brisbane inda muke, sai ka yi tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu zuwa Gladstone, garin tashar jiragen ruwa da masana'antu, wanda ba abin da zai ja hankalinka a cikinsa. Daga nan jirgin ruwa zai yi wajen awa biyu da kai cikin teku, sannan a sake zuba ku a ƙarami. Tsibiran wannan yanki ba ƙasa ba ce irin wadda ka sani. Ɓaraguzan murjani ne da yashi da igiyar ruwa ta tara wuri guda tsawon dubban shekaru, tsuntsaye suka kawo iri da taki, bishiyoyi suka tsiro. Babu rijiya, babu rafi, babu dutse ko ɗaya da za a sassaƙa a yi gini. Namu kuwa, kafin shayinka ya huce ka gama zagaye shi da ƙafa. Riƙe wannan maganar ta rashin ruwa, domin ita ce tushen tsadar.

Mu fara da kaya, abin da ido ke gani hannu ke taɓawa. Tantin na tamfol mai kauri ne, an kafa shi a kan daɓen katako da aka ɗaga daga yashi, mutum yana miƙewa tsaye a ciki ba tare da ya sunkuya ba. Akwai gado na gaske, katifa mai kyau, fararen zannuwa, tawul, kujeru biyu a baranda da ragar lilo ta kwanciya. Shi ke nan. Ba talabijin, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba firji, ba ƙofa balle mukulli. Zif ne za ka ja. Banɗaki da wurin wanka suna can gefe, sai ka taka da fitila in dare ya yi. Wutar sola ce da batir, tana isa haske da cajin waya, wayar da ba za ta yi maka amfanin komai ba sai ɗaukar hoto, tun da babu sabis. Kwana ɗaya na mutum biyu ya haura dalar Ostireliya dubu. A tsakiyar Brisbane, da kaso kaɗan na wannan kuɗi za ka sami ɗaki mai sanyi, da banɗaki a ciki, da ruwan zafi ba iyaka, da intanet, da lif. In kaya za a auna, otal mai matsakaicin daraja ya kayar da tantin nan warwas, ba ma sai an kai ga manyan ba.

To, me aka sayar mana? Ni a ganina kuɗin dako muka biya. Duk abin da ka ci, ka sha, ka shimfiɗa ko ka goge jiki da shi, jirgi ne ya kawo shi daga nesa, kuma jirgi ne zai mayar da abin da ya rage. Tumatir, ƙanƙara, tukunyar gas, sabulu. Zanin gadon da aka cire da safe sai ya tsallaka teku kafin ya ga injin wanki. Shara ba a binne ta, ba a ƙona ta, ana ɗaure ta a koma da ita. Ruwa a irin waɗannan tsibirai hanya uku ce: ko na sama da aka tara a tanki, ko wanda aka yi jigilarsa, ko na teku da inji ya cire wa gishiri, shi kuma injin yana shan wuta. Shi ya sa za a roƙe ka cikin ladabi kada ka daɗe a wanka, kai da ka biya dala dubu. Sannan baƙin ba su kai ashirin ba, don haka kuɗin man jirgi da albashin ma'aikata a kan kawuna kaɗan ake raba su. Otal mai ɗaki ɗari uku yana raba nasa a kan jama'a, motar kaya kuma tana tsayawa a bakin ƙofarsa kullum.

Ga kuma tsadar hannu. A ƙasar nan mafi ƙarancin albashi ya haura dala 24 a awa, kuma a ayyuka da yawa aikin Asabar da Lahadi da ranakun hutu yana da ƙarin kuɗi. Duk abin da ɗan Adam zai yi maka da hannunsa a Ostireliya, shi ne mai tsada, ba kayan kanti ba. Ma'aikatan tsibirin 'yan kaɗan ne, kowa da aiki uku ko huɗu. Yarinyar da ta gyara mana gado ita ce ta kawo abincin rana, ita ce kuma da yamma ta zauna tana yi mana bayanin kifayen da muka gani. Ba sa rusunawa, ba sa ce maka ranka ya daɗe, da sunanka za su kira ka, su ja kujera su zauna kusa da kai. Wanda ya saba da hidimar manyan otal-otal na Dubai, inda ake rige-rigen karɓar jakarka, zai iya ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, haka suke da kowa, har da shugabanninsu. Abin da suka ce za su yi ƙarfe bakwai kuwa, ƙarfe bakwai ɗin za ka gan shi. Ba a jiran tukuici, ba wanda zai tsaya yana murza hannu a bakin tanti. Farashin da aka rubuta shi ne za ka biya, harajin kaya na kashi goma cikin ɗari yana ciki, saɓanin Amurka inda sai ka zo biya haraji da tukuici su hau kai.

Abinci yana cikin kuɗin, sau uku a rana, kuma nan ne na ga sun taka rawar gani. Kuku guda ne, a ɗan ƙaramin kicin, amma abin da yake fitarwa ba zai ji kunya a gaban gidajen abincin birni ba. Tun wajen kama wuri ake tambayarka abin da ba ka ci, saboda in jirgi ya riga ya taso babu kantin da za a aika yaro. Mun rubuta namu, suka kiyaye, muka fi dogara ga kifi da kayan lambu. Kifin ma, abin dariya, ba daga ruwan da ke gabanka aka kamo shi ba. Tun 2004 aka ware kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan yankin teku aka hana kamun kifi a cikinsa, don haka za ka ga manyan kifaye suna shawagi a gaban tantinka hankali kwance, naka na faranti kuma daga kasuwa ya zo cikin ƙanƙara. Abu ɗaya da ya kamata irinmu su sani: a irin wannan tsari na kuɗi dunƙule, giya ma yawanci tana cikin lissafi, wanda ba ya sha kuwa ya taya masu sha biya. Duk teburi ɗaya ake zama a ci tare, ko kana son hira ko ba ka so.

Yanzu ga inda kwatancen ya fi daɗi. A cikin wannan rukunin tsibirai akwai waɗanda gwamnatin Queensland ta buɗe wa kowa ya je ya kafa tantinsa, kamar North West da Lady Musgrave da Masthead. Takardar izinin kwana ba ta kai dala goma ga mutum ɗaya a dare ba. Teku ɗaya, yashi ɗaya, kunkuru ɗaya, taurari ɗaya. Sai dai gwamnati ba ta ba ka komai sai fili, da masai irin wanda ba a zuba wa ruwa a wasu daga cikinsu. Ruwan shanka na dukan zaman kai za ka ɗauko a jarkoki, abincinka, murhun gas tun da an hana hura wuta, maganinka, da na'urar kiran agaji. Jirgin da zai kai ka ya dawo ya ɗauke ka ma kai za ka nema, kuma shi ne ke cin kuɗin tafiyar. Sharar da ka tara ka dawo da abarka. Kafin ka shiga jirgi ana so ka kakkaɓe tanti da takalma da buhuna, kada ka kai wa tsibirin tururuwa ko ɓera ko irin ciyawar da ba tasa ba. Turawan nan da iyalansu suna yin wannan wahala da murna, wasu su yi mako biyu, kuma a lokacin hutun makaranta sai ka yi sammakon kama gurbi domin an ƙayyade yawan mutane. Tsakanin dala goma da dala dubu, abin da ya bambanta shi ne wa zai ɗauki jarka, wa zai dafa, wa zai kwashe shara, da kuma mutum nawa za ka tarar a bakin ruwa in ka fito da asuba.

Akwai abin da kuɗinka ba ya sayen sassauci a kai, ko kana tantin masu hali ko na gwamnati. Mun je a Disamba, tsakiyar zafi a nan, lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai, daga Nuwamba zuwa Maris. Uwar takan fito da dare, ta ja jiki a yashi har sama da inda ruwa ke kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da ɗari, ta rufe, ta koma. Aikin yakan ɗauke ta awa biyu ko fiye. Ba a haska ta, ba a gitta gabanta, domin in ta tsorata sai ta juya ba ta yi ba. Daga Janairu 'ya'yan ke fara ƙyanƙyashewa, kuma da hasken sararin teku suke gane hanya, fitila ɗaya a bakin ruwa ta isa ta karkatar da su su nufi daji. Don haka duhu doka ne. Ba a ɗaukar ko ɓallin murjani a sa a aljihu. Daga ƙarshen Janairu ma akan rufe wuraren kwanan gwamnati na wasu makonni a bar wa tsuntsaye da kunkuru wurinsu. In ka tuna cewa a shekarun 1920 masana'antar miyar kunkuru ta gwangwani ce a tsibirin Heron da ke nan kusa, inda yanzu Jami'ar Queensland ke da tashar bincike, za ka ga an yi nisa.

Tsuntsayen kuwa ba a cika sa su a hotunan talla ba. Dubbai ne. Masu sheƙa a bishiya suna yi maka ado a hula da kafaɗa duk inda ka bi, warin kashinsu kuma yana tashi in rana ta take. Akwai wasu masu haƙa rami a ƙasa, suna wuni a teku su dawo bayan magariba, su kwana suna wani irin kuka kamar na jarirai da yawa a ɗaki ɗaya. Tamfol ba ya tare sauti. A nan na gane dalilin 'yar robar toshe kunne da aka ajiye mana kusa da matashi. Mai son barcin shiru ya zo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin sanyinsu, amma ba zai ga kunkuru na ƙwai ba.

Cikin ruwan ne kuɗin ya ɗan fanshi kansa. Ana ba ka tabaron ruwa da bututun numfashi da takalman ninƙaya, ka taka 'yan taku daga gadonka ka kifa fuska, sai ga wata duniya. Kifaye kala-kala, da ƙananan kifin shak da ba ruwansu da mutum. Amma ba zan ɓoye maka ba, wani ɓangare na murjanin ya mutu ya yi toka-toka. Zafin teku ya ƙone murjani a sassan Great Barrier Reef a 2016 da 2017 da 2020 da 2022, na 2024 kuma ya bugi kudancin nan sosai. Wannan ba laifin masu tanti ba ne, sai dai mai biya ya san abin da zai tarar. Rana ma a nan ba ta san baƙar fata ba, a shafa man kariya daga rana a sa riga mai dogon hannu.

Sai batun da ya kamata a karanta da kyau kafin a tura kuɗi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne, kuma in iska ta tashi jirgi ba ya fita, ko kana gaɓa kana jiran tafiya ko kana tsibiri kana jiran dawowa. Kowane kamfani da sharaɗinsa kan mayar da kuɗi, shi ya sa mutanen nan ba sa irin wannan tafiya ba inshora. Babu asibiti, akwatin taimakon gaggawa ne da rediyon kira. Ciwo in ya yi tsanani sai jirgi mai saukar ungulu ya zo daga gaɓa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganinsa har da rara. Wasu wuraren kuma ba sa karɓar yara ƙanana sam, don haka kada ka fara lissafi da su Abba.

In Allah ya kawo ka, ni ba tantin zan kai ka ba, kuma ba zan sa ka ɗaukar jarka ba. Akwai jiragen da ke tashi da safe daga Bundaberg, ko daga ɗan garin nan da ake kira 1770, saboda a shekarar ce Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa na Ingila, ya sauka a wurin, su kai mutane Lady Musgrave su wuni, a ba su abincin rana da kayan ninƙaya, su dawo da yamma. Kuɗin 'yan ɗaruruwa ne, akwai kuma kwale-kwale mai gindin gilashi ga wanda bai iya ruwa ba, wanda na san kana cikinsu. Ka dai zo da maganin amai, domin hanyar tana da jijjiga. A gaida Yaya Babba da yara.