Masu haɗa sola da suka yi mana aiki a plaza

Gaskiya na yaba da yaran nan da suka haɗa mana sola a plazarmu a Kano. Kafin su taɓa ko waya ɗaya sai da suka hau rufi suka duba ko katakon zai ɗauki nauyin farantan sola, suka ce tankin ruwa zai riƙa yi wa farantan inuwa da yamma, aka matsar da su suka fuskanci kudu. Shago-shago suka bi suna lissafin firiza da AC da injin fotokofi, shi ya sa inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, ba ta haki ko tsakar rana. Sai dai kuɗinsu da zafi wallahi, kuma ba su bar hanyar hawa a goge ƙurar hunturu ba.